Shirwa Da Shaho Sun Dami Masu Kaji A Kudancin Kaduna

Duk wanda ya taɓa zama a Kakuri ko Makera ko Barnawa ya san wannan al'amari. Da hantsi mata suna tsakar gida suna wanki, sai a ji zakara ya yi wata ƙara mai tsawo, kaza ta baje fukafukai, yara su ɗauki ihu suna jifa. Kafin a ɗaga kai an riga an gama, shirwa ta yi sama da ɗan tsako a ƙafarta. Gobe war haka sai ta komo, domin ta ga wurin cin banza. Kaza ta ƙyanƙyashe goma, kafin wata ya cika saura huɗu suke bin ta. Ba a banza aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa ba.

Wani zai ce ɗan tsako me ya kai har a cika jarida da zancensa. To, sai a dubi halin da wannan ɓangare na gari yake ciki. Tun da aka buɗe Masaƙar Kaduna, watau KTL, a Kakuri cikin 1957, sa'an nan waɗansu masaƙu suka biyo baya, mutane suka yi ta ƙetaro kogi suna zama, har unguwanni irin su Nasarawa da Kurmin Gwari da Television da Narayi da Sabon Tasha suka cika. Amma KTL ta tsaya da aiki cikin 2002, masaƙar UNTL ta rufe cikin 2007, dubban magidanta suka rasa albashi. A gidaje da yawa kajin uwargida su ne asusun gida. In yaro ya kwanta ciwo, ko an kore shi makaranta saboda kuɗi, ko baƙo ya sauka, akurki a kan nufa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cikin 2018 cewa kajin Nijeriya sun kai kimanin miliyan 180, kuma wajen miliyan 80 daga ciki irin waɗannan ne da ke yawo suna kiwon kansu.

Ga ɗan lissafi. Kazar Hausa ta kan yi kwanci sau uku a shekara, wani lokaci huɗu, ta kan kuwa kwanta kan ƙwai goma zuwa goma sha biyar har kwana 21. A ɗauka tana fid da 'yan tsaki 10 kowane kwanci, watau 30 a shekara. Masu binciken kiwon kajin sake a ƙasashen Afirka sun sha samun cewa abin da ke mutuwa ko ya ɓace kafin mako takwas ya kan kai rabi. Ke nan 15 suka rage. In da mai ita ta tsare su ta sami 24, ta ƙaru da kaji tara daga uwa guda. Mai uwaye huɗu ta ƙaru da 36. Kowa ya je Kasuwar Monday ta Kakuri ana jibi Salla ko Kirsimeti ya tambayi kuɗin zakara, shi zai faɗi ko wannan ƙaramar hasara ce.

SANIN ƁARAWO

Mutane su kan haɗa su duka su ce shaho, alhali kuwa ba ɗaya ba ne, dabarar tsare kowanne ma dabam take.

Shirwa ita ce wadda a ke gani kullum tana shawagi bisa kasuwa da mahauta da juji. Launinta ƙasa-ƙasa ne, bakinta rawaya, wutsiyarta da 'yar tsaga kamar ta kifi. In ta buɗe fukafukai ta kan yi kusa da ƙafa biyar, amma nauyinta bai cika kilo guda ba. Saboda haka ba ta iya ɗaukar babbar kaza. Abincinta mushe ne da hanjin da mahauta suka zubar, da fara da ɓera da ƙadangare, sai ɗan tsako in ta samu a fili. Ba ta sauka ƙasa ta yi kokawa, sura ta kan yi tana cikin tashi ta wuce. Wannan kuwa shi ne lagonta, gama ba ta shiga inda ba ta da filin buɗe fukafukai.

Shaho ya fi ta ƙarfin hali da sauri. Akwai ƙarami wanda bai fi kurciya girma da yawa ba, mai toka-tokan baya. Shi ya kan laɓe cikin ganyen mangwaro ko darbejiya shiru, sai ya ga ɗan tsako ya ware sa'an nan ya faɗo masa. Akwai kuma babba mai tsinin fukafukai, wanda ya kan yi sheƙa a kan duwatsu ko cikin tsohuwar sheƙar hankaka. Wannan ya kan buge tattabara tana cikin tashi, ya kan kuma kashe sagara. Hankaka ma ba a bar shi baya ba wajen satar ƙwai da jariran tsaki.

Abin da ya rage bayan ɓarna shi ke nuna mai laifi. In ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka babu ko gashi, shirwa ce ko hankaka. In an tarad da tarin gashi an fige a gindin itace ko bisa katanga, aikin shaho ne. In kuwa da dare aka yi, aka wayi gari da kaji biyu ko uku a mace da cizo a wuya, to, a nemi muzuru ko tunku. Wanda ya ɓace cikin akurki da dare babu alama, a duba ramin ɓera ko maciji. Mutum ya tabbatar da wannan tukuna, kada ya kashe kuɗinsa wajen rufe sama alhali ɓarawonsa ta ƙasa yake zuwa.

ABIN DA KE JAWO SU

Shirwa tsuntsuwa ce mai bin yanayi. Da damina ta kan bi ruwa ta yi arewa, da rani ta gangaro kudu, Kaduna kuwa tana kan hanya. Da hunturu kuma 'yar'uwarta mai baƙin baki ta kan zo daga ƙasashen Turai. Sa'ad da a ke ƙunar daji wajen Gonin Gora da Mararrabar Rido, daga Nuwamba zuwa Janairu, a kan gan su gungu-gungu suna bin hayaƙi suna kama fara. A wannan lokaci ne kuma ciyawa ta bushe, an girbe masara, ɗan tsako ba shi da wurin ɓuya. Haka nan farkon damina, ranar da shinge ya fito, su kan taru bisa unguwa.

Sauran abin da ke riƙe su kuwa mutane ne ke ba su. Juji a bakin gida, da hanjin kaji da na kifi da a ke watsarwa bayan katanga, da mushen da a ke jefarwa cikin lambatu, duk kiran shirwa ne. Ga kuma dogayen itatuwan bakin Kogin Kaduna da Kogin Romi, da turakun lantarki, inda suke sauka su duba gidaje. Wanda ya yanka kaza ya haƙa rami ya binne hanjin da gashin. In masu gida ɗaya suka yi, maƙwabta ba su yi ba, amfanin kaɗan ne, saboda haka wannan magana ce ta mai unguwa da jama'arsa.

MAKO SHIDA NA FARKO

Babban maganin shi ne kada a saki kaza da 'ya'yanta tun ranar ƙyanƙyasa. Mafi yawan waɗanda a ke saurewa ba su kai mako shida ba. In ɗan tsako ya wuce nan, gashinsa ya fito, ya yi nauyi, ya kuma koyi gudu in ya ji gargaɗi, shirwa ba ta cika samun sa ba.

Abin da a ke bukata shi ne keji marar gindi wanda mutum biyu za su iya ɗauka. Tsawonsa ƙafa shida, faɗi ƙafa uku, tsayi ƙafa biyu, ya ishi uwa da 'ya'ya goma sha biyu. A yi ƙashinsa da gora ko ragowar katako daga wurin kafinta. A kewaye shi da ragar waya mai ido rabin inci, domin mai manyan idanu ɗan tsako ya kan fita ta ciki, ɓera kuma ya shiga. A rufe sama duka da raga, sa'an nan a ɗora tsohon kwano ko zana a kan kashi ɗaya cikin uku, ya zama inuwa da mafakar ruwa. A bar 'yar ƙofa a sama ta sa abinci.

Wanda ba shi da kuɗin waya kada ya ce ya rasa. Babban kwando irin na masu tumatir, in an kife shi an danne da dutse, ya isa mako biyu na farko. A kan kuma kafa kara ko tsagin gora kusa da kusa, tsakaninsu bai fi yatsa ba, a rufe da asabari ko tsohuwar ragar masunta. Gidan sauron da ya yage har aka daina kwana ciki shi ma ya yi rufi in an wanke shi sarai, amma kada a cire na yara mai kyau a ba kaji, zazzaɓi ya fi shirwa ɓarna. A ƙasar Bangaladash da irin wannan kwandon gora matan ƙauye suke tsare 'yan tsakinsu. A ƙasar Habasha kuma, a makarantar aikin gona ta Jimma, an ƙago wani akwati da a ke cusa wa busasshiyar ciyawa a bango, yana riƙe ɗumi, ana renon 'yan tsaki ciki ko ba uwa ba wuta, da ɗan fili mai raga a gabansa.

Sai a kula da abu uku. Na fari, a riƙa matsar da kejin kowace safiya zuwa sabon wuri busasshe, gama kashi in ya taru ya jiƙe shi ke kawo ciwon kashin jini. A gidan haya mai siminti inda babu wurin matsawa, a zuba ɓuntun shinkafa ko ɗiɗɗigar katako a riƙa sakewa. Na biyu, kada a bar shi cikin rana tsaka, musamman watan Maris da Afrilu. Na uku, da dare a mai da su ɗaki ko akurki, lokacin hunturu kuma a lulluɓe da buhu, a bar 'yar kafar iska.

ABINCIN WANDA AKA TSARE

Wanda ya kulle kaza ya ɗauki nauyin cikinta. A nan ne da yawa su kan kasa, su tsare 'yan tsaki daga shirwa su bar su ga yunwa. Ga haɗi mai sauƙi: gwangwani biyu na tsakin masara ko dawa ko gero, gwangwani ɗaya na dusa, gwangwani ɗaya na garin ƙuli-ƙuli ko waken suya da aka gasa aka niƙa. A barbaɗa ɗan garin ƙashin da aka ƙona. Ɗanyen waken suya ba ya karɓar su, lalle sai an gasa. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa guba ne. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna.

Gara ita ce naman ɗan tsako, ba a kuwa saye. A sami tsohuwar tukunya, a cusa mata kara da busasshen kashin shanu da tsumman buhu, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri da maraice. Da safe a ɗauko a zazzage musu. A ƙara da yankakken ganyen zogale ko alayyafo. Ruwa kuma a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa ciki don kada su faɗa su jiƙe, a sake shi safe da yamma.

Akwai wata riba a nan. Kazar da ta ci ta ƙoshi lokacin reno ba ta ramewa, ta kan kuma komo ƙwai da wuri. In an raba ta da 'ya'yan bayan mako huɗu ko biyar, aka ci gaba da tsare su su kaɗai, mai ita na iya samun ƙarin kwanci guda a shekara.

GYARAN TSAKAR GIDA

Ranar da za a fara sakin su, a sake su da la'asar, sa'a ɗaya ko biyu, da mutum a kusa. Sa'an nan a duba gidan da idon shirwa. Fili fetal wanda aka share tas shi take so. Saboda haka a bar wa kaji mafaka kowane taku biyar ko shida. Rogo da ayaba da lalle da kuɓewa duk sun yi, haka nan rumfar kabewa. Inda ba ƙasar shuka, a ɗora tsohon kwano ko ƙyaure bisa bulo huɗu, tsayin ƙafa guda. A riƙa zuba abinci da ruwa ƙarƙashin rumfa, domin kaza in ta sunkuya tana ci ba ta duban sama.

Tsakar gidan da ke da katanga kowane gefe, irin na gidajen hayar Makera da Kakuri, yana da sauƙin tsarewa. A ɗaura igiyoyi daga wannan bango zuwa wancan, sama da kan mutum, tsakaninsu ƙafa ɗaya da rabi, a gitta waɗansu. Shirwa mai fukafukai kusan ƙafa biyar ba ta yarda ta kutsa tsakaninsu. Igiyar shanya ma da tufafi a kanta tana taimako. Amma ƙaramin shaho ya saba ratsa rassan itace, igiya ba ta hana shi, sai raga. In akwai reshe mai duhu da ya leƙo daidai inda kaji ke kiwo, a sassabe shi.

Waɗansu su kan rataya tsofaffin faya-fayan CD ko gutsuren madubi, ko su kafa mutum-mutumi. Suna aiki 'yan kwanaki, daga nan tsuntsu ya gane ba kome ba ne. Wanda zai yi, ya riƙa sauya musu wuri bayan kwana biyu ko uku. Waɗansu kuma su kan shafa wa 'yan tsaki shuni ko maganin nan mai ruwan algashi na kemis, wai shirwa ta kasa gane su. Launin ya kan tafi da zarar sabon gashi ya fito, saboda haka a ɗauke shi ƙari kan keji kawai. Kada kuma a sa musu fenti ko wani abu mai kananzir, ya kan ƙone fata.

Kada a sayar da zakaru duka a bar gida ba babba. Zakara yana da kuka iri biyu, ɗaya na abin da ke zuwa ta sama, ɗaya na abin da ke zuwa ta ƙasa, kaji kuwa sun san bambancinsu. In ya yi na sama sai su ruga ƙarƙashin mafaka. Zabi ma 'yan tsaro ne, sai dai surutunsu ya kan haɗa mutum da maƙwabta a gidan haya.

GUBA BA MAGANI BA CE

Akwai masu sa maganin ƙwari cikin mushen ɗan tsako su ajiye a fili. Wannan mugun aiki ne. Kare ko kyanwar maƙwabci na iya ci, yaro na iya ɗauka, kajin gidan ma su kan tsattsage shi. In shirwar ta ci ta mutu can, abin da ya ci gawarta shi ma ya tafi. Dattawa sun tuna sa'ad da ungulu ke cika kowace mahauta a ƙasar nan. Yanzu ganinta ya yi wuya, har cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, guba kuwa tana cikin abubuwan da suka jawo haka. Banda wannan, shirwa da shaho su ne ke rage ɓera da fara. Wanda ya kashe guda kuma bai huta ba, gama muddin juji na nan wata za ta maye gurbinta kafin mako.

KADA A MANTA DA ALLURA

Shirwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, amma annobar kaji wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ta kan share akurki cikin mako guda, ta fi kuwa tsanani da hunturu. Alamarta kaza ta yi zugum ta saki fukafukai, kashinta ya yi kore, wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani sai rigakafi. Ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin maganin rigakafin, har da iri mai jure zafi da a ke ɗigawa a ido. A yi shi cikin Oktoba kafin sanyi ya sauko, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka gidaje goma ko ashirin su haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi rana ɗaya. Kazar da aka sayo kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Mutanen Jihar Kaduna ba su manta da murar tsuntsaye ba, wadda aka fara tabbatarwa a nahiyar Afirka a wata gona ta Jaji cikin Fabrairu 2006. Rufin da ya hana shirwa sauka shi ne kuma zai rage cuɗanyar kaji da tsuntsayen daji a wurin ci da sha.

Kazar Hausa ta kan ɗauki wajen wata shida kafin ta isa yanka. Mai son ya kai zakaru kasuwa da Kirsimeti, 'yan tsakin Yuni da Yuli zai tsare, mai nufin Salla kuma ya ƙirga wata shida baya. Kejin a haɗa shi tun kaza tana kan ƙwai, kwana 21 sun isa a nemi gora da raga. Gaskiya ne zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma mai kaji shi ma ya yi nasa. Wanda ya rasa gane wani abu cikin wannan bayani ya nemi malamin gona ko malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, a Kaduna ta Kudu ko Chikun. Allah ya sa albarka cikin kiwo, amin.